Tarkacen Ɗaki da Bakin Mutane

ZAUREN TAMBAYA DA AMSA, tare da Gwaggo

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Gwaggo. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni matar aure ce a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa, kuma na haura shekara ashirin a ɗakin mijina. Akwai ɗaki guda a gidanmu wanda ya koma ma'ajin tarkace. A ciki akwai gadon ƙarfe mai rumfa da aka yi mini jere da shi, da kwanukan samira da fanteka da tasoshi, da injin taliya, da fankoki biyu da suka daina aiki, da rediyo mai kaset, sai kuma keken ɗinki Singer da akwatin ƙarfe na marigayiya mahaifiyata, waɗanda aka kawo ajiya wurina bayan rasuwarta. Yanzu ɗana na fari ya girma yana bukatar ɗakin, shi ya sa na yanke shawarar in fitar da kayan a kai wa 'yan gwanjo a kasuwa, maigidana kuma bai hana ba. Amma tun ranar da maganar ta fita ban huta ba. Maƙwabciyata ta ce za a ɗauka maigida ya karye ne. Ƙanwar mijina ta ce sayar da kayan aure yana jawo tsiya, kuma wai addini bai yarda ba. Wata ta ce duk wanda ya sayi kwanon da na ci abinci a ciki yana iya yi mini sammu da shi. Ƙanen mijina kuwa ya rantse cewa akwai jan makyuri a cikin keken, na miliyoyin naira, kada in kuskura in sallama. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa sayar da ko cokali, amma kowa yana magana kamar ya haddace. Ina neman shawararki.

Daga wata baiwar Allah, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na karanta wasiƙarki, kuma ɓacin ranki yana kan hanya, domin babu abin da ya kai a yi wa mutum fatawa da cikakken ƙarfin hali a kan abin da mai fatawar bai taɓa bincikawa ba ciwo. Sai dai na lura da wani abu da ke kanki ba ki lura da shi ba. Mutum huɗu suka ba ki shawara, kowannensu ya tsaya kai da fata a kan abin da ba shi da tushe, amma babu wanda ya taɓo abu ɗaya tak da zai iya hana ki sayar da wani ɓangare na kayan nan, wato keken ɗinki da akwatin marigayiya. Da su zan fara, don su ne masu nauyi.

Kin ce an kawo su ajiya wurinki. Ajiya kuwa ba mallaka ba ce, ko da ta shekara talatin a ɗakinki. Idan ba a raba gadon mahaifiyarki ba, ko an raba gida da gona amma aka bar kayan ɗaki da sunan cewa ba su taka kara sun karya ba, to keken nan da akwatin da abin da ke cikinsa na dukkan magada ne. Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a gidajenmu, ta cewa kayan mace na 'ya'yanta mata ne, maza ba su da ruwa da tasa da zane. Shari'a ba ta san da wannan ba. Duk abin da mamaci ya bari, daga fili har zuwa ludayi, ana fitar da bashi da wasiyya daga cikinsa, sannan a raba saura bisa ƙa'ida, ɗa namiji yana da rabon mata biyu, kuma idan mijinta yana raye lokacin da ta rasu, shi ma yana da rubu'i tunda ta bar 'ya'ya. Ya halatta 'yan'uwanki maza su ce sun yafe muku, kuma yawanci haka suke yi, amma sai sun faɗa da bakinsu, ba a ɗauka cewa shirunsu yafewa ne ba. Wurin da abin yake ƙara tsauri shi ne idan ɗaya daga cikin magadan ya rasu bayan mahaifiyar taku ya bar yara ƙanana, domin rabonsa ya koma nasu, kuma babu wanda yake da ikon yafe haƙƙin maraya, ko da uwarsa ce. A irin wannan hali sai a nemi malami masanin rabon gado, ko a je gaban alƙali, a yi wa kayan kuɗi, a fitar wa yaran nasu a ajiye. Saboda haka ki tara 'yan'uwanki, ko ki kira su ɗaya bayan ɗaya, ki ce ɗakin ya yi miki kaɗan, ga kayan Inna, a yi musu matsaya. Mai yiwuwa ma wata a cikinku tana son keken don ta koya wa 'yarta ɗinki, sai a yi masa ƙima ta biya sauran.

Yanzu ga maganar miliyoyin ƙanen mijinki. Babu wani sinadari mai suna jan makyuri da aka taɓa samu a cikin keken ɗinki. Makyuri na gaskiya shi ne zaiba, ita kuwa ruwan ƙarfe ce mai launin azurfa, irin wadda ake gani a cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti, kuma guba ce, ba abin arziki ba. Kan keken Singer kuwa zubin baƙin ƙarfe ne, kamfanin yana ƙera shi tun 1851, kuma an yi miliyoyinsa an bazu da su ko'ina a duniya. Wannan jita-jita ba a Katsina aka ƙirƙire ta ba. A watan Afrilu na 2009 ta mamaye Saudiyya, har aka riƙa taya tsohon keke riyal 200,000, mutane suna kara wayar salula a jikin allura wai idan layi ya ɗauke to akwai sinadarin, aka riƙa fasa shagunan teloli ana sace kekuna, kafin hukumomin ƙasar su fito su ce damfara ce. Yadda 'yan damfarar suke aiki ba ya canzawa. Wani zai zo ya duba keken ya girgiza kai ya ce akwai Bature ko Balarabe da zai biya kuɗi masu yawa, amma sai an kawo na'urar gwaji daga Kano ko Legas, kuma ke za ki biya kuɗin kawo ta. Ko kuma a sa mutum ya sayi keken da tsada da tunanin gobe zai ninka riba, wanda aka ce zai zo ya saya a wurinsa kuma ya kashe waya. Ki tambayi ƙanen mijin naki mutum ɗaya da ya sani ido da ido wanda ya karɓi kuɗin ya gina gida da su. Za ki ji ya ce abokin wani ne a wani gari.

Wannan ba yana nufin keken ba shi da daraja ba. Teloli suna neman tsohon kan Singer domin yana da ƙarko kuma yana ɗinka yadi mai kauri ba tare da gardama ba. Idan magada sun amince a sayar, a kira mai gyaran keke ya zuba masa mai, ya duba ƙoshiya da bel da ƙafa, ya ɗinka ƙyalle a gaban kowa, sannan a tambayi teloli biyu ko uku nawa irinsa yake tashi a yanzu. Keken da aka ga ɗinkinsa ya fi wanda aka kai kasuwa da ƙura tsada nesa ba kusa ba.

Sauran kayan, gado da kwanuka da injin taliya, naki ne halak malak. Iyayenki suka yi miki jere da su, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi mace tana da ikon saye da sayarwa a cikin dukiyarta, inda aka ce sai da yardar miji shi ne idan za ta yi kyautar abin da ya wuce sulusin abin da ta mallaka. Ke ma ga shi maigidan bai hana ba. Game da cewa addini bai yarda ba, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa wani mutum daga cikin Ansar ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana roƙo, sai ya tambaye shi ko yana da wani abu a gida. Mutumin ya kawo shimfiɗa da ƙoƙon shan ruwa, Annabi ya ɗaga su ya ce wa zai saya, wani ya taya dirhami ɗaya, ya ce wa zai ƙara, wani ya ce dirhami biyu, aka sallama masa. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta irin wannan ciniki na wa zai ƙara, kuma babu wanda ya haramta sayar da abin da mutum ya yi amfani da shi. Ki roƙi ƙanwar mijinki cikin ladabi ta kawo miki aya ko hadisin da ya ce kwanon jere yana jawo tsiya idan ya bar gida. Maganar sammu kuwa ba ta cancanci dogon bayani ba, domin wadda take tsoron a yi mata asiri da kwano tana aika abinci maƙwabta da kwanonta kowace rana, kuma yakan kwana a can.

Saura maganar karayar arziki, wadda ita ce take da ɗan kama da gaskiya, shi ya sa ta fi ciwo. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 rayuwa ta yi tsada, har alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kuma gaskiya ne akwai gidajen da aka sayar da firij da katifa don a sayi masara. Mutane sun ga haka, sai suka ɗauka duk kayan da suka fita daga gida yunwa ce ta fitar da su. Amma ko da hakan ne, wanda ya sayar da abinsa ya rufa wa kansa asiri bai yi abin kunya ba. Kuma ba yau aka fara ba. Sana'ar dillanci a tsakanin matan kulle tsohuwa ce, iyayenmu sun sha ba dillaliya tsohuwar tasa su cika kuɗi su sayi sabon yayi don auren ɗiya, ba wanda ya ce mazansu sun karye. A ƙasashen da ake ganin sun fi mu wadata ma abin ya zama biki. A Holand, a ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara, ranar da ake bikin zagayowar haihuwar sarkinsu, an yarda kowa ya shimfiɗa tarkacen gidansa a bakin titi ya sayar ba tare da neman lasisi ba, manya da yara. A birnin Lille na Faransa ana cin irin wannan kasuwa a farkon watan Satumba, mutane suna zuwa daga ƙasashe maƙwabta. Maƙwabciyarki za ta yi maganarta na mako ɗaya, sannan ta sami wani gidan.

To, ta yaya za a sayar? Abin da na fi jin tsoro a gare ki shi ne ɓacin rai ya sa ki kira mai kura guda ki ce ya kwashe duka, don ki huta. Mai sayen kaya jimla yana yi wa dukkan ɗakin kuɗi ɗaya ne, kuma ribarsa tana cikin abu biyu ko uku masu kyau da ya hango tun daga bakin ƙofa, saura kyauta ya ɗauka. Ki fitar da kayan tsakar gida, a wanke abin wankewa, a goge tasoshin da toka da tsamiya ko lemun tsami su yi ƙyalli, sannan ki ware masu aiki daban da waɗanda suka mutu. Kwanuka da injin taliya da gado kayan mata ne, kuma dillaliya ta fi ɗan kasuwa sanin gidan da ake nemansu. Ku yi magana a kan la'adarta tun kafin ta ɗauka, ki faɗa mata ƙarshen kuɗin da ba za ki sauka ƙasa da shi ba, a rubuta adadin abin da ta tafi da shi, a kuma sa ranar da za ta dawo da kuɗi ko da kaya. Yawancin rigimar da ake yi da dillalai daga rashin wannan rubutun take tasowa, ba daga rashin amana ba.

Lokaci ma yana da tasiri. Irin waɗannan kayan sun fi tafiya da kaka, bayan an girbe amfanin gona, lokacin da mutanen karkara suke da kuɗi a hannu kuma ake ta ɗaura aure. Gadon ƙarfen da aka daina yayinsa a cikin birni yana da masu nema a kasuwannin mako, irin su Charanchi da Mai'adua da suke ci ranar Lahadi, domin ba ya jin asu ba ya jin gara, kuma ana iya kwance shi a ɗora a kan mota. Idan ɗanki zai iya bin wani ɗan kasuwa da kuka sani ya kai, zai fi samun kuɗi a can, sai dai a lissafa kuɗin mota da na dako tukuna, kada su cinye ribar. Da damina kuwa, lokacin da kowa ya zuba kuɗinsa a taki, za a yi miki tayin wulaƙanci.

Fankokin da suka mutu da duk wani ƙarfen da ba ya gyaruwa na 'yan jari-bola ne, su kuma da kilo suke saye, kuma kowane ƙarfe da farashinsa. Ki sa yaro ya samo maganaɗisu daga jikin tsohuwar lasifikar rediyon nan ya kara a jikin kowane abu. Wanda ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne mafi arha. Wanda bai kama ba yana iya zama jan ƙarfe ko tagulla ko alminiyam, kuma jan ƙarfe, irin wayar da aka naɗa a cikin kan fanka, ya fi su duka tsada. Idan aka haɗa su a buhu ɗaya aka ɗora a sikeli, da kuɗin baƙin ƙarfe za a biya ki. Ki ware su, ki kuma sa ido a kan sikelin.

Wajen sa farashi, ki cire ranki daga abin da kayan suke nufi a wurinki. Ke kin san ranar da aka kai ki ɗaki a kan gadon nan, mai saye kuwa tsatsar da ke ƙafarsa yake kallo, kuma ba laifinsa ba ne. Ki tambayi kuɗin sabon irinsa ko makamancinsa, ki sauko ƙasa sosai, ki bar ɗan wurin da za a yi ciniki. Idan akwai abu ɗaya ko biyu da kika ji zuciyarki ba za ta iya cewa na sallama ba, ki ajiye su, tasa ɗaya ba za ta cika ɗaki ba. Kuma wajibi ne ki bayyana aibi. Idan injin taliyar yana cije ƙullu, ko fanteka tana da ɗigo an liƙe, ki faɗa wa dillaliya ta faɗa wa mai saye, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Haka nan kada a sa wani ɗan'uwa ya tsaya yana ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don a zuga mai saye na gaskiya, wannan ma an hana.

Akwai abubuwan da ba a kai su kasuwa ko da za a saya. Katifar da kuɗin cizo ya shiga, sayar da ita kai wa wani gida bala'i ne. Ragowar magunguna da man shafawa da suka daɗe a zubar da su. Tsohuwar wayar salula sai an cire layi da katin ajiya an goge komai, don hotunan iyali da saƙonnin banki suna nan ciki. Idan kuka buɗe akwatin marigayiya kuka sami takardu masu ayoyin Alƙur'ani, kada su tafi wurin masu ƙosai da tsire su zama abin naɗi. In kuma tsofaffin rubuce-rubucen hannu ne na Larabci ko ajami, ko wani abin gargajiya da aka gada tun kaka da kakanni, to a dakata, domin dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta taƙaita cinikin kayan tarihi, musamman waɗanda aka yi kafin 1918. Kuna da gidan tarihi a nan cikin birni, a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, sai a kai su a duba kafin a yanke shawara. Idan kuma ta WhatsApp ko Facebook 'yarki za ta tallata wani abu, kada kaya su bar gida saboda an nuna miki saƙon tura kuɗi a waya, sai kin duba asusunki da kanki kin ga sun shiga.

TAMBAYA: Gwaggo, barka da aiki. Ni ɗan Daura ne. Na sayi fanka ta tsaye a wurin wani mai kayan hannu a kasuwa, ya ce lafiyarta lau, amma babu wuta a wurin balle a gwada. Da na kai gida ta yi minti kaɗan sai ta fara ƙauri ta tsaya. Mai gyara ya buɗe ya ce an taɓa naɗa ta kuma ta sake ƙonewa tun da daɗewa. Abokaina sun ce in haƙura, wai kayan gwanjo ba a mayarwa. Haka ne?

Daga wani bawan Allah, Daura.

AMSA: Barka kadai, ɗana. Abokanka sun haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Tsufa da ƙujewar fenti da duk abin da idonka ya gani ka yarda da shi ba a mayar da kaya saboda su, don da saninka ka sayi na hannu. Amma aibin da yake ɓoye, wanda yana nan tun kafin ciniki kuma yana hana abin yin aikin da aka saye shi dominsa, yana ba mai saye damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa, balle a ce mai kayan ya furta da bakinsa cewa lafiyarta lau. Ka koma da wuri, kada ka ci gaba da amfani da ita ko ka sa a gyara, don hakan yana iya zama alamar ka yarda da aibin. Ka tafi da mai gyaran ko wanda yake wurin lokacin da aka yi ciniki, ka yi magana a hankali, domin yana yiwuwa shi ma haka aka kawo masa bai sani ba. Idan ya ƙi, kowace kasuwa tana da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan layi, kuma irin wannan ƙara suna sasanta ta ba tare da an kai ga kotu ba. Nan gaba kuma duk abin da yake aiki da lantarki, ka biya mai janareta ko mai cajin waya na kusa ɗan wani abu a jona shi, ka bar shi ya yi aiki har ya ɗauki zafi kafin ka ƙirga kuɗi.